Ni da Tanti a Kufan Girka

Laifina ne, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: ni na ce wa mahaifiyata kasuwa za a kai mu.

Ita ce shugabar ƙungiyar mata masu ridi a Gazawa. Wani kamfani na ƙasar Girka da ke sayen ridinsu ya gayyace ta ta zo ta ga inda ake niƙa shi. Damina ta kankama, Baba kuwa ko gobara ake yi a gari sai ya gama noman da ya sa a gaba kafin ya ɗaga kai. Mace ba ta irin wannan tafiya ba muharrami. Ni ina bakans, wato hutun makaranta, ina da shekara goma sha shida da Faransancin da na koya a lakol. Aka ɗora ni a kan tafiyar kamar yadda ake ɗora buhu a bayan kabu-kabu.

Da muka gama kallon injuna a birnin Atina, mai masaukinmu ya ce da sauran 'yan kwanaki kafin jirginmu. Ko mu huta a otel, ko ya saka mu a bis ɗin 'yan yawon buɗe ido masu jin Faransanci a zaga da mu tsofaffin garuruwa. Nan take na hango kaina a hoto, hannu a aljihu, ginshiƙai a bayana, abokaina na lakol suna suma ɗaya bayan ɗaya don baƙin ciki. Amma na san in na ce tsofaffin garuruwa, ba inda za ta. Sai na juya na ce, "Wai akwai manyan kasuwanni, za a kai mu mu yi tsaraba."

Ta gyara mayafi, ta dubi bango, ta ce masa, "To, a ce mun gode."

Bangon ta yi wa magana, ba ni ba. Ni ne ɗan fari, sunana Lawali. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, Inna, can na girma. Mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta cin abinci ina wurin. In tana son in ɗebo ruwa, ga ni tsaye gabanta, sai ta ɗaga murya ta ce wa ƙanwata, "Rabi, ki ce wa wancan randa ta bushe." In baƙuwa ta tambayi ɗan wane ne ni, sai ta ce, "Yaron Inna ne." Har mai shayin bakin titinmu ya rasa sunansa saboda ni, don shi ma Lawali ne, a bakinta ya koma "mai sunan wancan". Ni ma ban taɓa ce mata Mama ba. Tanti nake ce mata, yadda 'ya'yan ƙannenta ke kiranta.

A gida wannan bai taɓa hana ni barci ba. Akwai Rabi, akwai tsakar gida mai faɗi, kowa ya san hanyar da zai bi ya kauce wa kowa. Amma Rabi ba ta da fasfo.

Bis ɗin ta zo da safe, doguwa kamar layin masu jiran taki. Muna shiga ƙofa ta rufe da kanta, ta yi wani huci, na ji kamar an toshe bakin rumbu muna ciki. Taga ba ta buɗewa. Sanyi na hurowa daga sama kamar an yi mana laifi. A motar kasuwar Gangara in ka gaji sai ka buga rufi ka ce akwai sauka. A nan ko mutuwa za ka yi sai an kai inda aka rubuta. Kuma kujera biyu-biyu ce. Aka nuna mana tamu. Tanti ta dubi kujerar, ta dubi sama, ta shige wajen taga, ta dasa jakarta a tsakaninmu kamar iyakar gona.

Jagorarmu wata 'yar siririyar Bagirkiya ce, Madam Eleni, mai ɗauke da lema ruwan ɗorawa da ba ta taɓa buɗewa ba, sai dai ta ɗaga mu bi ta. Ta rataya wa kowa ɗan rediyo a wuya da abin sawa a kunne, don ko ka yi nisa muryarta ta same ka. Tanti ta saka nata ƙarƙashin ɗankwali, ta saurara kaɗan, ta cire ta ce wa jakarta, "Ba zan iya yawo da wata mata a cikin kaina ba." Kafin mu tashi sai da Madam Eleni ta ƙirga mu. In mun sauka ta ƙirga, in mun hau ta ƙirga, in wani ya yi atishawa ta sake daga farko. Makiyayin Baba bai san awakinsa ba kamar yadda matar nan ta san mu.

A kujerar gabanmu akwai wata Nasara da ɗanta, sa'ana, mai suna Tibo. Tibo sha ruwa. Tibo sa hula. Tibo dubi teku. Tibo ka ji abin da na ce? Da farko tausayinsa na ji, na ce in an ci gaba a haka sunan zai ƙare kafin azahar. Can sai na kama kaina ina sauraro. Na tuna ban san yadda sunana yake fita a muryar Tanti ba. Ko tana jan ƙarshensa kamar Inna, ko tana datse shi kamar malaminmu na lissafi. Na dubi tagar da take kallo, na ce a raina: a nan ba wanda ya san mu, ba surukai, ba maƙwabta, ba wanda zai kai labari Gazawa. Kafin mu koma sai na ji ta ce Lawali, ko sau ɗaya.

Wurin farko da aka sauke mu, Madam Eleni ta ɗaga lema ta ce ga babbar kasuwar Atina. Na ji sanyi a raina, na ce Allah ya rufa mini asiri. Na fassara da ƙarfi. Tanti ta gyara ɗaurin zane, ta matse jaka, ta shiga da tafiyar nan tata ta ranar kasuwa.

Ciyawa. Duwatsu a kwance. Guntayen ginshiƙai kamar turamen da aka watsar. Kyanwa ɗaya tana barci.

Tanti ta juya gabas, ta juya yamma. Ta tambayi kyanwar, "Yau ba ta ci ba ne?"

Na ce, "Wai ta ɗan jima da tashi."

"Tun yaushe?"

"Wai... sama da shekara dubu biyu."

Sannan ta ce wa jaka, a hankali, "Kufai. An hau jirgi da ni, an haye teku da ni, an kawo ni kufai da rana tsaka." Ta yi bisimilla, ta tofa hagu da dama. A wajenmu kufai na awaki ne da mutanen ɓoye. Mai hankali in hanya ta biyo da shi sai ya ƙara sauri. Ga Nasaru sun biya kuɗinsu suna shafa wuri da ido, wata har da hawaye.

Muna fitowa wani baƙin fata kamar mu ya tare ni da murmushi har kunne. Kwana da kwanaki ban ga irin fuskarmu ba, na ji kamar na ga ɗan ɗakinmu. Ya ce ɗan'uwa, ya ce Afirka, ya kama hannuna ya ɗaura mini wani zare mai launi, ya ce kyauta ce. Yana gama ƙulli murmushin ya ɗauke kamar wutar lantarki, ya miƙo tafin hannu. Ya riƙe ni gam. Bis na jira, Madam Eleni na ƙirga. Sai ga Tanti. Ta kama hannuna, ta sunkuya ta datse zaren da haƙori kamar tana kwance bakin buhu, ta ɗora masa abinsa a tafin da ya miƙo. Ta wuce tana cewa, "Zaren da ko ɗinkin buhu ba zai yi ba." Rabon da ta taɓa hannuna tun ban san kaina ba. Ta goge nata hannun a zane kamar ta taɓa tukunya mai zafi.

Daga nan aka ce sai saman dutse, inda babban ɗakin tsafinsu yake. Mutane kamar ranar idi, kowa na hawa. Nasaru sun yi jajir kamar tattasai suna ta kuka da rana. Tanti ta ɗaga kai ta dubi ranar ta ce, "Wannan ko ridi ba za ta busar ba." Amma matakalar ta same ta. Duwatsun sun sha tafin ƙafa har sun yi santsi kamar sabulu, ita kuma gwiwarta ta dama ta daɗe tana ba ta wahala. Da muka kai sama ta samu wani dutse mai kyau ta zauna ta miƙe ƙafa. Ba ta gama ajiyar zuciya ba sai usur: fiiit! Wani mai gadi ya taho yana kaɗa hannu. Ba a zama, ba a taɓawa, ba a jingina.

Ta miƙe ta ce, "Dutse ma da jandarmansa."

A nan na gwada dabarata ta farko. Na bari ta juya baya, na zame na laɓe bayan wani ƙaton ginshiƙi da ya faɗi. Lissafina mai sauƙi ne: uwa ta rasa ɗanta cikin dubban mutane a ƙasar da ba ta jin ko "sannu", dole ta ƙwala kira. Ina leƙenta. Ta waiga. Ta sake waigawa. Ta tafa hannu sau biyu kamar mai sallama a ƙofar gida. Ta ce, "Kai!" Nasaru uku suka juyo. Ta ce, "Kai wancan!" Daga nan ba ta ƙara ba. Ta rungume jaka ta tsaya cak, mutane na ratsa ta hagu da dama kamar ruwa ya samu kututture, leɓenta na motsi. Ina shirin in ƙara mata minti ɗaya sai usur ya tashi a ƙeyata. Ashe na tsallake igiya. Mai gadin ya fito da ni a gaban duniya yana faɗa da yarensu.

Tanti ba ta dube ni ba. Ta ce wa lemar Madam Eleni, "Wasu dai sai sun ja an ɗaure mu a ƙasar mutane."

Gidan tarihi kuwa, Allah kada ya maimaita. Na ɗauka tukwane za mu gani da takubba. Muna shiga sai ga maza na dutse jere, dogaye, tsirara haihuwar uwarsu. Wani ba kai, wani ba hannu, wani ba ƙafa, amma abin da ya kamata a ce shi ya fara karyewa yana nan lafiya lau. Ga ni, ga mahaifiyata. Ƙofar shiga daban, ta fita daban, kuma sai ka ratsa kowane ɗaki. Na ɗaga kai sama, ita ta sunkuyar ƙasa. Yau in aka ce in zana rufin gidan nan zan zana shi har da inda ya tsage. Tanti kuma ta haddace daɓen. Madam Eleni na cikin kunnena tana cewa mu lura da yadda aka sassaƙa wannan cinya.

"Mi take cewa?" in ji Tanti, tana tambayar takalminta.

Na ce wa rufi, "Wai talakawa ne. An yi fari a shekarar."

"Duk yawan dutsen nan a rasa mai sassaƙa masu wando."

Ɗakin otel ɗaya aka ba mu, gado biyu. Ta ciro zane ta rataya a tsakani. Rana ta ƙi faɗuwa, muna ta jiran magariba kamar masu jiran baƙon da ya ce yana hanya. Abincin da aka kawo akwai wasu 'ya'yan itace baƙaƙe, zaitun, kamar an jiƙa aduwa a ruwan gishiri. Na kira Rabi a salula. Ta juya mini kyamara na ga ruwa na zuba daga indararo, Inna na dama fura a bakin ƙofa, kaji sun takure a ƙarƙashin amalanke. Wallahi har ƙanshin ƙasa na ji. Rabi ta ce, "Yaya, ya kasuwa?" Na kashe.

Washegari muka bar Atina. Hanya ta miƙe, teku a hagu, duwatsu a dama, mu a tsakiya cikin firjinmu. A nan Allah ya kawo wa Tanti sauƙi. A kujerar da ke gefenmu akwai wata tsohuwa Bafaransa, Madam Odet, ita kaɗai take tafiya tun da mijinta ya rasu. Ta lura da yadda Tanti ke murza gwiwa, ta ciro wani man shafawa mai ƙanshin na'ana'a ta miƙo. Tanti ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe jaka ta rama da ƙuli-ƙuli. Tsohuwa ta gatsa, muka ji ƙas, na ce shi ke nan mun karya haƙorin Faransa. Ta tsotsa dai a hankali, ta ce da daɗi. Kafin a kai gari na gaba sun zama aminai, ɗaya na Hausa, ɗaya na Faransanci, kowacce na gyaɗa kai.

Sai Tanti ta ga ta samu sabuwar Rabi.

Ta leƙa ta gabana ta ce, "Madam, ki ce masa ya ci burodin nan, tun safe ba abin da ya shiga cikinsa."

Madam Odet ta ce, "Wi, wi." Ta juyo gare ni. "Me ta ce?"

Na fassara mata. Ta ɗaure fuska, ta ɗaga yatsa, ta maimaita mini da Faransanci cewa in ci burodi. Na ce to. Tanti ta koma ga tagarta cikin natsuwa, saƙo ya isa. Haka muka yini: saƙo ya tashi daga damana, ya ratsa ta gabana, ya dawo wurina in juya shi, a sake aiko mini da shi daga hagu. Ni ne mai aike, ni ne ɗan aike, ni ne wanda aka aika wa.

A wani kufai mai suna Misen, wanda zakuna biyu marasa kai ke gadin ƙofarsa, Madam Eleni ta tara mu ta ba da labarin sarkin garin. Wai ya dawo daga yaƙi matarsa ta kashe shi a wurin wanka, ɗansu ya girma ya kashe uwar. Ta daɗe tana bayani, har da nuna yadda aka ɗaga wuƙa. Tanti ta ce wa Madam Odet, "Ki ce masa mi ake cewa."

Ta ina zan fara? Na ce, "Wai sarkin ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya."

"Duk wannan dogon zancen?"

"Ta haɗa da ta'aziyya."

Tanti ta ce, "Allah ya ji ƙan musulmi."

A wurin cin abinci na gwada dabara ta biyu. Na sa Madam Eleni ta tambaye ta sunan ɗanta, na fassara tsaf ba ragi. Tanti ta ci gaba da tsince ridin da ke kan burodinta tana duba shi a tafin hannu. Ta ce wa Madam Odet, "Ki ce mata yana da baki."

Da la'asar muka isa Efidor. Ban taɓa ganin abu irinsa ba, kuma a nan ba na ƙari. Ka ɗauki ƙwarya ka raba ta biyu, ka jingina rabin a jikin tsauni, ka mai da ita girman unguwa guda, ka jera kujerun dutse tun daga gindi har baki. Wurin wasan kwaikwayonsu ne na da. A ƙasa akwai fili, a tsakiyar filin akwai wani ɗan dutse mai zagaye kamar faifai. Madam Eleni ta ce mu cire abin kunne. Ta ce duk wanda ya tsaya a kan dutsen nan, ko raɗa ya yi, na can ƙololuwa zai ji shi kamar a gefensa yake.

Wannan ban fassara ba.

Na matsa kusa da ita na ce, a ƙasarmu babban girmamawa ne a fara da baƙuwa, kuma mahaifiyata za ta so ta kira sunana daga nan. Madam Eleni ta dafa ƙirji ta ce abin ya yi kyau. Na juya na ce wa Tanti, "Wai ki tsaya a kan dutsen can ki kira ni. Doka ce. In ba a yi ba bis ba ta tashi." Ban jira amsa ba na kwasa a guje. Ni da Tibo da wasu muka haye har layin ƙarshe, na zauna ina haki.

Daga can sama na hango Madam Eleni ta kamo hannunta ta tsayar da ita a kan dutsen, ta ja da baya. Ta ɗaga lema, kowa ya yi tsit. Ta nuna ni, ta nuna bakinta, ta ce, "La-wa-li." Na ji shi sarai. Mutanen bis suka kewaye filin, kowa ya ɗaga salula.

Tanti ta zama 'yar ƙarama, kamar ƙwayar ridi ɗaya a tsakiyar tabarma. Amma ina jin ta. Na ji awarwaronta sun yi ƙara da ta gyara mayafi. Na ji numfashinta, irin na wanda ya sauke kaya. Na ji ta haɗiye miyau. Ta dubi hagu, mutane. Ta dubi dama, mutane. Ba bango, ba taga, jakar ma Madam Odet ta karɓa ta riƙe mata. Matar da ke tsayawa gaban masu awo a Gazawa ta sa su sake ɗora buhu a sikeli, ga ta tana murza bakin mayafi kamar yarinyar da aka tsayar gaban aji. Ni na tsayar da ita. Dariyar da na tanada ta gudu. Na so in miƙe in ce a bari, amma ban yi ba.

Ta yi wa Madam Eleni ɗan murmushi, ta girgiza kai. Sannan ta ɗago ta hango inda nake, ta yi sauri ta sunkuyar, ta ja mayafi ta rufe baki. Ta yi magana can ƙasa-ƙasa, irin wadda mutum ke yi shi da Ubangijinsa.

"Dubi inda ya haye. Takalmin ma ba na kirki ba. Ya Allah ka sauko min da ɗana lafiya. In ya so in ya sauko na san abin da zan yi masa."

Kowace kalma ta hawo matakalar nan ta same ni, ba wadda ta zube a hanya. Na saman suka fashe da tafi don sun ji sauti ya iso, ba su san me ya ƙunsa ba. Tibo ya zungure ni ya ce me ta ce. Na ce cewa ta yi in sauko. Ya ce to me ya sa idona ya yi ja. Na ce ƙura ce, ya dubi duwatsun da ke nan fes ba ko ƙura.

Na sauko a hankali, ina taka kowace matakala kamar ƙwai. Ban taɓa saukowa daga ko'ina da irin wannan ladabi ba.

Kafin in iso ƙasa an ci gaba da wasa. Uwar Tibo ta hau dutsen ta yi raɗa, Tibo ya miƙe a can sama yana ɗaga hannu. Madam Eleni ta yaga takarda, na sama suka yi ihu wai sun ji. Ta saki ƙwandala, suka sake ihu. Tanti na gefe tana kallo. Ta dubi dutsen, ta dubi ƙololuwa, ta sake duban dutsen. Na ga hannunta ya tashi a hankali ya rufe bakinta.

A bis ba ta aika kowa ba. Madam Odet ta miƙo mai, ta karɓa ba ta shafa ba. Muka wuce gonakin zaitun, muka wuce wani gari mai jajayen rufi, Madam Eleni ta ƙirga mu a zaune don sabo. Tanti ta juya wa bis ɗin gaba ɗaya baya, goshinta a jikin gilashi. Ina ganin kunnenta ta gefen ɗankwali. Can, da shofer ya rage gudu a wata kwana, ta tambayi taga:

"Wai da gaske ne na sama na jin abin da aka faɗa a ƙasa?"

Amsa na bakina. Da na ce e, da na ci nasara, ko ba sunan ba na samu abin da ya fi shi, kuma ta san na samu. Amma da ta ƙarasa tafiyar nan da mayafi a fuska, da ta koma gida ba ta iya ratsa tsakar gida in ina zaune.

Na dubi bayan kujerar Tibo na ce masa, "Ina! Dabarar jagora ce. Haɗa baki suke yi da na sama, in ta ɗaga lema su yi ihu. Ni iska kawai na ji."

Na ci gaba da kallon kujerar kamar an rubuta jarrabawa a jikinta.

"Iska," in ji Tanti.

"Iska. Da kukan tsuntsu."

Ta sauke ajiyar zuciya, gilashin ya yi hazo. Ta ce, "Na ce dai. Mutanen da suka bar garinsu ya zama kufai, ina suka ga wannan hikima." Ta buɗe man ta fara shafa wa gwiwarta. Da ta gama ta leƙa ta gabana. "Madam, ki ce masa maƙaryaci ne tun yana ƙarami."

Madam Odet ta ce, "Wi, wi. Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce man yana da kyau."

Washegari aka kai mu wani kufan a kan tsauni. Ban laɓe ba, ban hau ko'ina ba, na riƙe mata gorar ruwa. Da kwanakin suka cika muka sauka Yamai, muka hau mota, muka iso Gazawa gero ya kai ƙugu. Har yau Tanti ba ta kira sunana ba, ni ma ban ƙara nema ba.